Zauren Tambaya da Amsa: "Ya shaƙe ni, manya sun ce in yi haƙuri"

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Saƙonni sun taru wannan karon kuma da yawansu magana ɗaya suke, duka a gidan aure, don haka masu tambayar lefe da rigimar kishiya ku yi min afuwa sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum, don kun san halinmu, a nan Makka in ka yi tari a Shara Mansur kafin la'asar an ji a unguwar Jarwal.

TAMBAYA: Anti barka da ƙoƙari. Ni a Makka nake, shekarata tara da aure yarana uku, mijina ne ya kawo ni kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, a ƙarƙashinsa take. Tun ina da cikin fari ya fara marina, in ya huce sai ya shigo da ledar kaza yana ba ni haƙuri yace sharrin shaiɗan ne, ni kuma in haƙura. Toh watan jiya don kawai nace masa mai gida ya aiko a kan kuɗin ijar, wato haya, sai ya kama wuyana ya shaƙe a gaban babbar 'yata har na daina gani, wallahi kwana uku muryata bata fita. Fasfo ɗina da na yara suna akwatinsa a kulle, wayata ma kullum sai ya bincika. Sau biyu ina kai ƙara wajen manyan garinmu da ke nan, suka kira shi suka yi masa faɗa, ni kuma sukace in yi haƙuri aure ibada ne kar in tona mana asiri a ƙasar mutane. 'Yar gwaggona da ke Ingila tace su a can in mace ta je kansul, wato ƙaramar hukuma, ɓoye ta ake yi a ba ta gida, wai in je baladiya, wato hukumar birni ta nan, in tambaya. Anti da gaske baladiya na yin haka? Kuma in na kai ƙara ba za a ƙwace min yara a yi min tarhil, wato a kore ni zuwa ƙasarmu, ba?
Wata baiwar Allah, Makka

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya kawo miki mafita. Kafin maganar baladiya bari in tsaya a kan wuyan nan tukuna, don a duk wasiƙarki shi ya hana ni barci. Mari daban, shaƙa daban. Masu aikin kare mata a ko'ina in suna auna haɗarin da mace ke ciki, tambayar "ya taɓa shaƙe ki?" tana cikin na gaba-gaba, saboda namijin da ya kai hannu wuya har ganinki ya ɗauke ya riga ya nuna miki iyakar inda zai iya kaiwa, tsakanin abin da ya faru da ke da likkafani daƙiƙu ne kawai. A Ingila ɗin da 'yar'uwarki take, tun 2022 shaƙa laifi ce mai zaman kanta ko da bata bar tabo ba. Kuma muryar da ta dishe kwana uku alama ce an ji miki ciwo a ciki, ko yanzu in kina jin wahalar haɗiya ko jiri ko ciwon kai ki je asibiti, kar ki ce ai ya wuce.

Baladiya kam a'a. Baladiyar nan aikinta shara ne da kwalta da lasisin shago da korar masu kasa kaya a bakin titi, in kika je da wannan maganar za su yi ta kallonki ne. 'Yar gwaggonki ba ƙarya ta yi ba, tsarin ne ya bambanta. A Ingila ƙaramar hukuma ita ke riƙe da harkar gidajen marasa ƙarfi da ma'aikatan walwala da kula da yara, kuma dokar da suka yi a 2021 ta ɗora wa manyan kansul-kansul wajibi su ƙiyasta mata nawa ke buƙatar mafaka a yankinsu, su rubuta tsari, su tanadi taimako a gidajen ɓuya, har dokar ta ce yaron da ya ga ana dukan uwarsa shi ma an cuce shi, ba ɗan kallo ba ne. Wani lokacin ma ba macen ake ɗaukewa ba, gidan nata ake ƙara wa ƙofa mai ƙarfi da makullai, shi a hana shi zuwa. Amma kar ki ɗauka aljanna ce, gurbi yana ƙaranci, kuma baƙuwar da bizarta ta hana ta tallafin gwamnati tana shan wuya kafin ta samu wurin kwana, wato dai matsalar takarda ko a can tana cizo.

Ni abin da ya fi burge ni a tsarinsu ba gidan ba ne, wani zama ne da suke yi ana ce masa MARAC, a birnin Kadif (Cardiff) aka fara shi a 2003. In aka ga mace na cikin babban haɗari sai ɗan sanda da ma'aikaciyar asibiti da ta walwala da mai kula da gidaje da wata mai tsaya wa macen su zauna teburi ɗaya, kowa ya ajiye ɗan abin da ya sani. Ɗan sanda yace sau biyu aka kira mu gidan, nas tace ta zo da karaya tace faɗuwa ta yi, wani yace yaron ya daina zuwa makaranta. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, in aka haɗa sai hoto ya fito. Suna da wani tsarin kuma da aka fara a birnin Filimas (Plymouth) a 2011, in 'yan sanda sun je gida da daddare a kan rigima, kafin yaron gidan ya shiga aji da safe an sanar da makarantarsa, don kar malama ta hau shi da faɗan bai yi aikin gida ba alhali kwana ya yi a bayan ƙofa yana rawar jiki.

Yanzu ki duba naki. Maƙwabciyarki ta ji ihu, manyan garinku sun ji ƙara sau biyu, mai shagon unguwa ya ga idonki a kumbure, malamar 'yarki ta ga yarinya ta canja. Kowa na riƙe da guntu, ba wanda ya haɗa da na wani, kuma kowa da ya miƙo hannu haƙuri ne a ciki.

A nan ƙasar mai haɗa guntayen nan ita ce ma'aikatar kula da ma'aikata da walwalar jama'a, ta hanyar sashen himaya, wato kare iyali. Lambarsu 1919, kyauta ce, dare da rana, tun 2016 aka buɗe cibiyar. In kuma abin yana faruwa ne a lokacin, yana dukan ƙofa ko ya ɗauko wani abu, 911 za ki kira a Makka da Jidda, kar ki tsaya neman wata lamba. Na yara kuma akwai 116111. Duk wannan ya tsaya ne a kan dokar kariya daga cutarwa ta 2013, kuma dokar "mutum" ta ce, bata ce ɗan ƙasa kaɗai ba, har ta ambaci wanda ke ƙarƙashin wani ta hanyar aure ko ciyarwa ko kafala, wato ɗaukar nauyin zaman mutum a ƙasar. Duka, zagi da tsoratarwa mai taɓa hankali, barazana, hana abinci da abin buƙata ga wanda ya wajaba ka ciyar, duk sun shiga. Hukunci ɗaurin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya, ko tarar riyal 5,000 zuwa 50,000, ko duka biyun, in ya sake a ninka. A 2022 aka ƙara tsanani, in wanda aka cuta naƙasasshe ne ko iyaye ko wanda ya haura 60 ko mai cikin da ya zube sanadin dukan, ɗaurin yana kamawa daga shekara 1 zuwa 5.

Mu da muka daɗe a nan mun san ba haka abin yake da ba. Sai a 2004 da aka farfasa wa Raniya al-Baz fuska, mai gabatar da shiri a talabijin, ta yarda jaridu suka buga hotonta a gadon asibiti, sannan mutane suka fara furta abin a fili. Shekara ɗaya bayan nan aka kafa shirin kare lafiyar iyali na ƙasa. Kafin nan ko Balarabiya 'yar gida "usburi" ake ce mata, irin dai haƙurin namu.

Toh amma ba zan yi miki daɗin baki ba. In kika kira za su buɗe balagi, wato fayil ɗin ƙara, su tambaye ki, su iya kiransa, su kai ki asibiti, in haɗarin ya yi yawa su sa ki a gidan himaya ke da yara. Sai dai tsarin ya fi karkata ga nasiha da sulhu da farko, sau da yawa ta'ahhudi za a sa shi ya sa hannu cewa ba zai sake ba a ce ki koma. Kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi sun sha kokawa cewa zaman gidajen nan akwai takura, fita ba yadda kika ga dama ba. Don haka in kin kira kar ki ce "muna ɗan samun saɓani", wannan kunyar tamu ce ke kashe mu. Ki ce ya shaƙe ni har na daina gani, a gaban 'yata, ran kaza, kuma ina tsoron zai kashe ni. In Larabcinki bai kai ba ki samu wadda kika yarda da ita ta zauna kusa da ke, amma ba 'yarki ba don Allah, yarinyar ta ɗauki abin da ya ishe ta.

Maganar yara. Dokar zamantakewar iyali ta 2022 ta sa uwa a gaba wajen riƙon yara in an rabu, yaro in ya kai 15 ya zaɓa, ciyarwa kuma tana kan uba. Mace na da damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, in an tabbatar da cutarwar, in ba a tabbatar ba kuma rigima ta ƙi ƙarewa a naɗa masu sulhu daga danginki da nasa kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce. Kalmar nan "tabbatar" ita ce komai, shi ya sa takardar likita ta fi rantsuwa goma. Asibitoci suna da kwamitin kariya kuma ma'aikacin da ya ga alamar cutarwa doka ta wajabta masa ya sanar, don haka ki daina cewa a banɗaki kika zame.

Inda igiyar take a hannunsa shi ne iƙama. Tunda iƙamarki a ƙarƙashinsa take, sabuntawa da bizar fita duk ta Absher ɗinsa suke bi, wato manhajar gwamnati ta harkar takardu, kuma in aure ya mutu zamanki na buƙatar sabon tushe. Kai ƙarar duka ba laifi ba ne da za a yi miki tarhil a kansa, ke mai iƙama ce, amma ki faɗa wa ma'aikaciyar himaya da alƙali tun farko cewa takardunki na hannunsa a kulle, a rubuta, kar sai ya fara wasa da su ki ce ai da ma. Ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda, suna iya ba da takardar tafiya in fasfo ya gagara.

Kafin nan a hankali, ba tare da ya lura ba: ki ɗauki hoton iƙamarki da ta yara da takardar aure da na haihuwa ki tura wa mutum ɗaya tak da kika amince da shi ki goge a wayarki tunda yana bincike, ki haddace lambobin nan a ka, ki ajiye ɗan kuɗi da kayan yara kala biyu a gidan maƙwabciya, ku yi wata alama da ita, ko bugun bango sau uku, wadda in ta ji ta san kira za ta yi ba sallama ba. In rigima ta tashi ki guji kicin. Kuma kar ki taɓa ce masa "zan tafi" ko "zan kai ka", lokacin da mace ke shirin fita shi ne lokacin da ya fi haɗari, mai shirin tafiya bata shela.

Su kuma manya, Allah ya saka musu, na san tsoronsu, kar a ce takari, wato mu 'yan Afirka ta Yamma da ke nan, sun cika rigima. Amma sun gwada sau biyu abin gaba ya yi. Ni kaina shekarun baya wata maƙwabciyata ta shigo min da leɓe a fashe, na dafa mata shayi na ce ta yi haƙuri kowace mace da irin nata, na raka ta har ƙofar gidan. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi a nan ba, tana raye alhamdulillahi, amma har yau in na tuna ni na riƙe hannunta na mayar da ita sai in ji shayin nan a maƙogwarona.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Ni magidanci ne a Jidda, da a Karantina muke, bayan rusau muka koma wata shigga, wato ɓangare a gidan bene, a wata unguwa. Wanda ke jikin bangonmu Bahaushe ne ɗan'uwa, kusan duk dare sai mun ji duka da kukan matarsa, har yarana sun fara tambayata. Na yi masa magana sau ɗaya a masallaci yace in kiyaye shi tsakanin miji da mata sai Allah. Matsalar ita ce matar bata da iƙama, umara ta zo ta zauna, in na kira hukuma ina tsoron ita za a kwashe a kai Shumaisi inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, in zama ni na jawo mata, kuma jama'a su ce na kai ɗan'uwa wajen askar, wato 'yan sanda. Ya zan yi?
Wani bawan Allah, Jidda

AMSA: Malam Allah ya biya ka da ka damu, da yawa ƙara sautin talabijin suke yi. Kuma ka taɓo wani abu da ba a cika faɗa ba, rusau ɗin da aka yi daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, su Karantina da Gulel da Sabil da Kandara, ba gini kaɗai ya tafi da shi ba. A tsohuwar unguwa in mace ta yi ihu tsofaffi biyar ne za su fito da mayafi a hannu kafin ya ɗaga hannu na biyu, akwai gidan da za ta ruga, akwai dattijon da in ya yi gyaran murya a ƙofa kowa zai natsu. Yanzu kowa na bayan ƙofar ƙarfe a hawa na uku, bai san sunan na kusa da shi ba.

Ta fuskar doka kai kana da kariya. Dokar 2013 ta ce duk wanda ya san ana cutar da wani ya sanar, ta hana a bayyana sunan mai sanarwa ba da yardarsa ba, kuma in ka sanar da kyakkyawar niyya aka zo aka ga ba haka ba ne babu komai a kanka. Amma tsoronka game da ita gaskiya ne, ba zan ce maka ba komai ba. Dukan da ake mata laifi ne ko tana da takarda ko babu, sai dai zama ba iƙama shi ma wani fayil ne daban, kuma in hukuma ta shigo yana iya tasowa. Mijin ya san haka sarai, da wannan sandar yake dukanta ta biyu.

Don haka ka raba abin gida biyu. Daren da ka ji abin ya wuce misali, ihun ya yanke ɗif, ko tana cewa zai kashe ni, ko ka ji yara na kururuwa, ka kira 911 kar ka yi shawara da kowa. Wadda aka mayar Kano ko Damagaram da ranta gobe tana iya yin wani auren ta yi sana'arta, wadda aka kai maƙabartar Shara'i an gama. In kuma ba a kai nan ba, to ba kai za ka yanke mata ba, ita za a tambaya. Ka tura maiɗakinka ta shiga da rana in ya fita, da ɗan kwanon abinci kamar ba komai, kar ta ce mata "me ya sa kike zaune", ta ce muna ji, ba laifinki ba ne, ƙofarmu a buɗe take ko ƙarfe nawa ne, me kike so a yi miki? Wata gida take so ta koma kuɗin jirgi da takarda ne babu, sai a bi ta ofishin jakadanci, a nemi danginta a waya, 'yan ƙungiyar garinsu su yi karo-karo, ai muna yi wa gawa, me zai hana a yi wa mai rai. Wata kuma ba ta shirya ba, sai a bar mata ƙofa a buɗe kar a yi fushi da ita.

Shi kuma kar ka sake tunkararsa kai kaɗai, kuma kar a nuna masa ita ta yi magana, a kanta zai huce. In za a yi masa magana a samu limami da umda, wato mai unguwa, ko wani da yake jin nauyi, a ce maƙwabta ne suka gaji da ji. Masu cewa ka kai ɗan'uwa wajen askar kuma ka tambaye su ita matar 'yar wace ƙabila ce. Hadisin taimakon ɗan'uwa azzalumi ai ka san ƙarshensa, riƙe masa hannu.

TAMBAYA: Ke Hajiya ku ji tsoron Allah, irin ku ne ke zuga mata suna raina mazajensu, kuna kawo mana tsarin Turawa. Mace in ta yi laifi ba za a ladabtar da ita ba?
Wani mai karatu, Madina

AMSA: Alhaji na gode, kuma tunda a Madina kake abin ya zo da sauƙi. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, yana cikin Sahihu Muslim. Da mata suka yi ta zuwa gidansa suna kai ƙarar mazajensu a kan duka, cewa ya yi waɗannan ba su ne zaɓaɓɓunku ba. Ka lura matan ƙara suka kai, ba a ce musu sun tona asiri ba. Dokar da nake ta ambato kuma ba a Landan aka rubuta ta ba, majalisar ministocin ƙasar nan ce ta amince da ita. In kana da wata ayar da ta halatta shaƙe wuya da fasa leɓe a gaban yara ka turo min zan buga ta a shafin nan da manyan baƙaƙe. Kuma don kar ka ce na yi son kai, maza ma ana cutar da su, akwai dattijon da 'ya'yansa ke ƙwace masa kuɗi suna hantararsa, akwai mijin da matarsa ke jifa da abin da ta samu yana jin kunyar faɗa, lambar nan 1919 tasu ce su ma.

TAMBAYA: Anti don Allah a ba ni shawara. Wani ya fito neman ƙanwata, yana da sana'a yana da iƙama mai kyau, iyayenmu a gida Najeriya har sun fara murna. Sai wata ta kira ni a ɓoye tace matansa biyu na baya duk duka ne ya fitar da su, ɗaya har da ɓarin ciki. Da na faɗa wa kawunmu da ke nan sai yace wannan gulma ce da hassada, kuma haramun ne tona asirin musulmi. Ni ce babba, ni na riƙe ta tun tana ƙarama. In yi shiru?
Yayar amarya, Makka

AMSA: Kar ki yi shiru. Kawu kuma a gaishe shi da girmamawa a tuna masa labarin Faɗimatu 'yar Ƙaisu, da ta je wajen Manzon Allah (SAW) ta ce Mu'awiya da Abu Jahmin sun fito nemanta. Bai ce mata Allah ya zaɓa mafi alheri ya yi shiru ba. Ya ce Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmin kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, a wata ruwayar ƙarara aka ce mai yawan dukan mata ne, ya ce ta auri Usama. Malamai da wannan hadisin suke kafa hujja cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce, baya cikin giba.

Abin dariya abin tausayi, Turawan Ingila sai da aka kashe wata mata Clare Wood a 2009, tsohon saurayinta ya kashe ta alhali 'yan sanda na da tarihinsa na cin zarafin mata ita bata sani ba, babanta ya yi ta fafutuka, sannan a 2014 aka ba mace damar zuwa ta tambayi 'yan sanda ko wanda take tare da shi yana da tarihin duka. Mu an ba mu wannan tun a Madina, muka mayar da binciken aure ya koma ɗan gidan waye, me yake yi, iƙamarsa ta wane kafili ce.

Amma kawu na da gaskiya ta wuri ɗaya, maganar mutum ɗaya a waya bata isa a yanke hukunci ba, a garin nan akwai masu ɓata aure don wasa. Toh ki bincika da kanki. Mata biyu ne, ba aljanu ba ne, suna da dangi suna da maƙwabta, wata ƙila tana nan Makka wata ta koma gida, lambar waya bata gagara. Ki nemi ɗaya ki yi mata sallama ta mutunci, ki ce ba gulma ta kawo ki ba ƙanwarki ce za ta shiga inda ta fito, ki rantse mata maganar ba za ta koma kunnensa ba kuma ki cika. Ki tambayi wanda ya yi musu sulhu a lokacin. Ki lura da yadda yake yi wa ƙanwar taki tun yanzu, yana duba mata waya? yana hana ta zuwa gidanki? in ta makara ɗaga kira yana zazzaga mata masifa sannan ya turo kyauta? In an tambaye shi matansa na baya duk su ne masu laifi shi ko ɗaya ba shi da shi?

Abin da kika samo ki zaunar da ƙanwarki ki faɗa mata ita da kanta tukuna, ba a gaban kawu ba, don ita za ta zauna a ɗakin kuma ba a ɗaura mata aure sai da yardarta. Bayan nan ki kira su Baba a gida ki ce a dakata da karɓar kuɗin gaisuwa sai kin gama magana da matar ta biyu.